Ciwon Ƙoda da Haƙƙin Talaka a Arewacin Zamfara



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba halin da mai ciwon ƙoda yake ciki a ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, sa'an nan a nuna abin da jama'a za su iya nema wa kansu.

Aikin ƙoda shi ne tace jini da fitar da datti ta hanyar fitsari. Manyan abubuwan da kan lalata ta su ne hawan jini da ciwon sukari. Bayan su akwai yawan shan maganin kashe ciwon jiki ba da izinin likita ba, da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, da amai da gudawa mai ƙarar da ruwan jiki, da jijjiga ko zubar jini wajen haihuwa. Gubar dalma ma, wadda ta hallaka yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum a 2010, tana taɓa ƙoda. Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya nuna kansa da wuri. Sau da yawa sai ƙafa da fuska sun kumbura ake zuwa asibiti.

Idan ƙoda ta gaza, sai wanki da na'ura ko dashe. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Wanki kuwa ana bukatarsa sau uku a mako, kowane zama kamar awa huɗu. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. To, ko da wannan rangwame, wankin mako huɗu ya kama naira 144,000, watau ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Ga manomin Shinkafi kuma akwai tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Gusau, bisa hanyar da 'yan bindiga suka sha tarewa. Saboda haka mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, na birni ya rayu, na ƙauye ya koma gida jiran ajali.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lalle ne ƙungiyoyin ci gaban gari da sarakuna da limamai su haɗa baki a kan bukatu uku.

Na farko, a riƙa awon jini da gwajin sukari da na fitsari a kowace ɗakin shan magani, har da ranakun kasuwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin lafiya a matakin farko. Jama'a suna da ikon tambayar inda rabonsu ya shiga.

Na biyu, a nemi cibiyar wankin ƙoda mai ma'aikata da ruwa da wuta a Ƙauran Namoda, domin nan ce mahaɗar hanyoyin Shinkafi da Zurmi. Jihar Yobe, wadda ciwon ya addabi mutanenta na Gashuwa, ta mai da wanki kyauta a Damaturu. Wannan ya nuna abu ne mai yiwuwa.

Na uku, a sa masu ciwon ƙoda cikin asusun marasa galihu da Dokar Inshorar Lafiya ta 2022 ta kafa, kuma Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta taimaka da kuɗin mota da magani.

Ɗalibai su ne za su kai wannan bayani ƙauyukansu da harshen da iyaye suke ji. Ma'aikata kuwa su suka san yadda ake rubuta takardar koke da ofishin da ake kai ta kafin a rufe kasafin kuɗi. Ranar Ƙoda ta Duniya, watau Alhamis ta biyu ga watan Maris, ta dace da gabatar da waɗannan bukatu ga majalisar dokokin jiha.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.