Wa Ya Ƙera Wannan Kwano?



Wannan ɗan kwanon gilashi mai ruwan ɗorawa da na ɗaga, a kasuwar Sabon Gari na tsince shi wajen masu tsofaffin kaya. Mai shi ya rantse mini aikin Ingila ne. To, ƙaƙa za mu gane?

In aka haska shi da fitilar da banki ke duba jabun kuɗi, sai ya yi kore shar, alamar akwai yuraniyom a jikinsa, irin wanda ake haƙowa a Arlit tun 1971. Amma wannan bai nuna maƙeri ba, don kuwa Bohemiya da Ingila da Amurka duk sun yi irinsa. Sai a kifa shi a dubi gindi. A da, kamfanin Sowerby na Gateshead kan ɗawisu yake bugawa, maƙwabcinsa Davidson kuwa rabin zaki. Daga 1842 zuwa 1883 Ingila tana sa alamar rajista mai kusurwa huɗu, daga 1884 sai lamba.

A nan fa ake tuntuɓe. Narkakken gilashi ake dannawa cikin mazubin ƙarfe, mazubi kuwa ana sayar da shi in kamfani ya karye. Mu da muka saba da littattafan ajami mun san wannan matsala: sunan da ke ƙarshen takarda sau da yawa na mai kwafe ne, ba na mawallafi ba. Nawa kwanon na kai shi Samaru na duba da tabarau, ko ɗigo babu a gindinsa.