"Mu Nan Duk Dangi Ne": Jawabi Kan Yaranmu Masu Aiki A Kamfanonin Kwamfuta

 

An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan yaranmu da suka kama aiki a sababbin kamfanonin nan na kwamfuta da intanet, irin waɗanda suka cika Yaba da Lekki. Tun da mai Facebook, Mark Zuckerberg, ya zo Yaba a watan Agusta 2016, duk yaron da ya ɗan iya kwamfuta can hankalinsa yake. To ba laifi, sana'a ce.

Abin da ya dame mu wata magana ce da ake yi musu ranar ɗaukar aiki. Sai a ce da yaro, "Nan ba maigida, ba bara, duk dangi ne." Ga shayi kyauta, ga kujeru masu laushi, shugaba kuwa sunansa ake kira gatsal. Sai aiki ya kankama, yaro ya ga dangantakar ta tsaya ne a kan kada ya ce a'a. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare a bugo masa waya. An ce kowa ya ɗauki hutu yadda ya so, amma ba mai ɗauka, don ana kallon wanda zai fara. Wani ɗanmu an tabbatar masa ana girmama addinin kowa, sai ga taron mako an aje shi ranar Juma'a ƙarfe ɗaya da rabi.

Jama'a, mu zaman maigida da yaro ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu da suka zauna Sabon Ibadan da nan Agege kan fataucin goro da shanu da shi suka kafu. Maigida bai taɓa cewa shi da yaronsa ɗaya ba. Amma ciwo ya zo, shi ne. Aure ya zo, shi ke biyan sadaki. In yaro ya daɗe, a yanka masa jari. Yanzu kuwa an ɗauki sunan, an bar nauyin.

Kada a ce sharri muke yi. A Amurka, kamfanin WeWork da maganar zama al'umma ɗaya ya yi suna. A Nuwamba 2019 ya sallami ma'aikata 2,400, alhali wanda ya kafa shi, Adam Neumann, ya sauka da ɗaruruwan miliyoyin dala. Kuma ba kullum mugun hali ne ke kawo haka ba. Yawancin kamfanonin nan ba riba suke ci ba, kuɗin masu zuba jari suke kashewa. Ran da jarin ya tsaya, ran nan dangi ke watsewa.

Saboda haka, iyaye, in yaro ya zo da albishir, a yi murna, sannan a ce ya kawo takarda. Albashi nawa, awa nawa, sanarwar kwana nawa kafin sallama? Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ba da aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. A duba ko ana zubawa. In an ce za a ba shi hannun jari a madadin wani ɓangare na albashi, ya sani galibi sai ya shekara huɗu yake mallakarsa duka, in ya bar aiki kafin shekara guda kuwa ba shi da ko sisi. Maganar Juma'a ma a yi ta tun kafin sa hannu. Kuma ya nemi wanda ya taɓa aiki a can ya bari, ya ji ta bakinsa.

Duk mai takardar da ya so a duba masa, ya same mu bayan an tashi.