Shin Mace Tana Yin Sabon Ƙwai Bayan An Haife Ta?



Namiji yana yin sabon maniyyi tun daga balaga har tsufa, domin a marainansa akwai ƙwayoyin tushe da ba sa daina rabuwa. Matan kifi da na ƙuda ma suna ta yin sabon ƙwai bayan sun girma. Amma 'yar Adam da saniya da ɓera, littattafan likitanci sun ce ma'ajiyar ƙwansu rumbu ce da aka cika sau ɗaya: ana ɗiba, ba a ƙarawa.

Ga lissafin. Jaririya tana wata biyar a ciki take da ƙwai miliyan 6 zuwa 7. Ranar haihuwa saura miliyan 1 zuwa 2, lokacin balaga kuma kimanin 300,000. Waɗanda za su nuna su fito a duk rayuwarta ba su wuce 500 ba, sauran lalacewa suke yi. Idan suka ragu zuwa kamar 1,000, wajen shekara 50, sai al'ada ta ɗauke. A 1951 Solly Zuckerman na Jami'ar Birmingham ya tattara hujjojin da ake da su ya tabbatar da wannan ra'ayi, aka bar zancen a haka fiye da shekara hamsin.

A 2004 Jonathan Tilly na Babban Asibitin Massachusetts da ke Amurka ya tayar da ƙura a mujallar Nature. Ya ƙirga ƙwayayen da ke mutuwa a jikin ɓeraye, ya ga idan da gaske ba a ƙarawa, da cikin 'yan makonni sun ƙare, alhali macen ɓera tana wata da watanni tana haihuwa, don haka ya ce lalle ana yin sababbi. Shekara na zagayowa ya ce daga ɓargo sababbin ke zuwa ta jini.

Wannan ikirari na biyu bai daɗe ba. A 2006 Amy Wagers da abokan aikinta a Harvard suka ɗinke ɓeraye biyu gefe da gefe har jininsu ya zama ɗaya. Ɗayar an sa mata alamar da ke sa ƙwayoyin jikinta su yi kore a ƙarƙashin haske na musamman. Da ɓargo ke aiko da ƙwai, da an ga kore a cikin ƙwan abokiyar ɗinkinta. Ba a gani ba.

Duk da haka maganar ba ta mutu ba. A 2009 Ji Wu ta birnin Shanghai ta ce ta ware ƙwayoyin tushen ƙwai daga jikin ɓeraye, ta dasa wa ɓerayen da magani ya hana haihuwa, suka haihu. A 2012 Tilly ya ce ya same su a jikin mata. Har kamfanin OvaScience ya fara sayar wa masu neman haihuwa wani magani da aka gina a kansu, tun masana ba su gama jayayya ba, kuma gwajin da aka yi daga baya a Sifaniya bai nuna amfaninsa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake kamo ƙwayoyin. Ana amfani da sinadarin da ke manne wa wani furotin mai suna DDX4 a bayan ƙwaya, alhali an san a cikinta yake zaune. To me ake kamowa? A 2020 masana a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka bi ƙwayoyi sama da 24,000 daga mutum 21, ɗaya bayan ɗaya. Ba su ga ƙwayoyin tushen ƙwai ba, kuma abin da sinadarin ke kamowa ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyin jini ne. A kan mutum da ɓera dai, hujja ta fi rinjaya wajen Zuckerman, ko da yake Tilly bai janye ba.

Amma kada a yi wa dukan masu shayarwa kuɗin goro. A Habasha da Somaliya da Kenya akwai wani ɓera marar gashi mai zaman rami, yana wuce shekara 30, sarauniyarsu kuma tana haihuwa har tsufa. A 2023 masu bincike a Jami'ar Pittsburgh suka gano cewa macensu tana ci gaba da yin ƙwai bayan haihuwa. Tana kwana 8 take da kusan miliyan 1.5, an ga ƙwayoyin da ke zama ƙwai suna rabuwa a 'yan wata uku, an kuma same su a jikin masu shekara 10.