Birtaniya Na Shirin Rufe Tsohon Layin Tarho

A Birtaniya, kamfanin BT na shirin rufe tsohon layin tarho, ya mayar da kowane kira ta intanet. Da farko an tsayar da ƙarshen 2025, daga baya aka ɗage zuwa Janairun 2027.

Masu ofisoshi na cikin waɗanda abin zai shafa sosai, domin ba tarhon tebur kaɗai ke jone da wannan layi ba. Akwai na'urar faks, da ƙararrawar gobara da ta ɓarayi, da wayar neman agaji ta cikin lif, da wasu na'urorin biyan kuɗi da kati. Da yawansu sai an sauya su.

Babbar matsalar ita ce wuta. Tsohon layi daga cibiyar tarho yake samun lantarki, ko an ɗauke wuta yana aiki. Sabon kuwa ya dogara da wutar ofis. In babu batirin ko-ta-kwana, shiru kake ji.

Saboda haka mai ofis ya bi ɗaki-ɗaki ya lissafa kayansa, ya tuntuɓi waɗanda suka girka masa su tun wa'adi bai cika ba. Rigakafi ya fi magani.