Tsoro, Lada da Tunawa: Abin da Damuwa Ke Yi wa Ƙwaƙwalwar Mai Koyo



Kowane malami ya san yaron da ya iya karatunsa sarai da daddare, amma da aka tsayar da shi gaban aji, ga bulala a kan tebur, sai bakinsa ya mutu. Mukan ce bai yi bita ba. Binciken ƙwaƙwalwa yana nuna cewa sau da yawa zaluntarsa muke yi da wannan hukunci.

Idan mutum ya ji barazana, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo zuwa wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda. Nan take sai su saki sinadarin adirenalin, daga baya kuma kotizol, wanda yakan kai ƙololuwarsa cikin jini bayan minti 20 zuwa 30. Hans Selye ya bayyana wannan martani na jiki a 1936 a Jami'ar McGill ta Kanada. A 1968 Bruce McEwen na Jami'ar Rockefeller ya gano cewa irin wannan sinadari yana kama hifokamfas, sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye sabon abin da aka koya.

A 1998, a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, Dominique de Quervain da Benno Roozendaal da James McGaugh sun koya wa ɓeraye gano wani ɓoyayyen dandali cikin ruwa. Bayan sun iya, sai aka ɗana musu lantarki kafin a gwada su. Waɗanda aka ɗana wa minti 2 kafin gwaji sun tuna wurin. Haka ma waɗanda aka ɗana wa awa 4 kafin gwaji. Na minti 30 ne kaɗai suka ruɗe, wato daidai lokacin da sinadarin ya cika jini. Ke nan abin da aka koya yana nan, hanyar ɗauko shi ce take toshewa na ɗan lokaci. Abin takaici kuma, damuwar nan da ke hana ɗaukowa ita ce ke ƙarfafa ajiyar abin da ya tsoratar, ta hanyar wani sashe da ake kira amigdala. Shi ya sa dattijo zai ba ka labarin ranar da aka zane shi a firamare, har kalar rigar malamin, amma ka tambaye shi darasin ranar, sai ya yi shiru.

Sai batun lada, wanda a ganina shi ne muka fi sakaci da shi. Wolfram Schultz ya nuna a kan birai, cikin shekarun 1990, cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke sakin sinadarin dofamin sukan zabura idan lada ya fi yadda aka zata, su yi sanyi idan abin da aka sa rai bai zo ba. Da wannan ƙwaƙwalwa ke gane abin da ya kamata ta maimaita. Damuwa mai tsawo tana dusashe wannan saƙo. Paul Willner ya nuna a 1987 cewa ɓerayen da aka yi makonni ana takura musu da ƙananan abubuwa sun rage shan ruwan sukari, abin da a da suke rububi. A 2006 Ryan Bogdan da Diego Pizzagalli na Harvard sun ga makamancin haka a mutane: masu fargabar ɗanin lantarki ba su karkata sosai ga amsar da ke kawo lada ba. Yaron da ya kwana cikin fargaba, ko ka ce masa "madalla", yabon ba ya shigarsa yadda yake shigar ɗan'uwansa. Mu kuma sai mu ce ba ya son karatu.

Akwai wani abu da ya fi wannan damuna. A 2009, a Bochum ta Jamus, Lars Schwabe da Oliver Wolf sun sa wasu mutane tsoma hannu cikin ruwan ƙanƙara na minti 3, ana kallonsu ana ɗaukar su a bidiyo, wasu kuma ba a takura musu ba. Sannan aka koya wa kowa danna abin da ke kawo madarar cakulan da wanda ke kawo ruwan lemo, aka ciyar da su da ɗaya daga ciki har ya gundure su. Waɗanda ba a takura wa ba suka rage neman abin da ya gundure su. Waɗanda aka takura wa kuwa suka ci gaba da dannawa, sabo turken wawa. A shekarar ce kuma masu bincike a Jami'ar Minho ta Fotugal suka ga cewa a ɓerayen da suka daɗe cikin damuwa, sashen goshin ƙwaƙwalwa mai auna al'amura ya ragu, sashen sabo ya ƙaru. Tsoro yana iya koyar da maimaici, ban musa ba. Amma ɗalibin da aka koyar haka, da zarar an juya masa tambaya a jarrabawar WAEC, ba shi da abin kamawa.

Sai dai lamarin yana warkewa. Conor Liston da abokan aikinsa sun auna ɗaliban likitanci a Amurka, a 2009, lokacin da suke shirin babbar jarrabawa, suka ga juya hankali daga wani aiki zuwa wani ya yi musu nauyi. Bayan wata guda da sauƙin al'amura, sai suka dawo daidai da waɗanda ba su shiga damuwar ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantu abu biyu. A daina duka da tsawa da korar masu bashin kuɗin makaranta a safiyar jarrabawa, musamman rabin awar da ke gabanta. Yaran da rikici ya raba da gidajensu kuwa, irin na Barno da Zamfara, kada a yanke hukunci kan basirarsu a zangon farko. A ba su malami guda da suka saba da shi, da lokacin shiga da tashi wanda ba ya canzawa, da ƙananan ayyukan da za su iya kammalawa a yaba musu nan take, sannan a sake gwada su a zango na biyu.