Maigadin Kwamfuta Ba Ya Hana Mai Gida Buɗe Ƙofa
(Jawabin kwamitin ilimi a taron ƙungiya na wata-wata)



Abin da ya tsayar da mu a gabanku yau shi ne koken da muke yawan ji daga 'yan kasuwarmu, musamman 'yan canji da masu POS. Mutum zai ce, "Na je har Computer Village a Ikeja an saka mini antibairos, amma ga shi an kwashe mini kuɗi." To jama'a, bari mu yi bayani.

Antibairos maigadi ne, mu kuwa mun san aikin gadi a wannan gari. An ba shi hotunan ɓarayin da aka riga aka sani, yana kuma lura da duk mai take-taken sata. In ɗayansu ya taho, zai tare shi. Amma sabon ɓarawo, wanda ba a kai ga ɗaukar hotonsa ba, yana iya wucewa ta gabansa. Shi ya sa antibairos ɗin da ba a sabunta shi kusan maigadi ne mai barci.

Na biyu, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayu na 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin gwamnatin Ingila, ana neman kuɗin fansa. Alhali tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wannan ɓaraka, mutane ne ba su saka ba. Mu duba shagunanmu: da yawanmu har yanzu Windows 7 muke aiki da ita, wadda aka daina yi wa gyara tun Janairun 2020, wasu ma ta jabu ce.

Na uku, kuma shi ne ya fi cin mu: mai gida da kansa yake buɗe ƙofa. Waya za ta yi ƙara, wani ya ce daga banki yake, wai BVN ɗinka ta samu matsala, karanto mana lambar da ta shigo yanzu. Ko a turo saƙo a WhatsApp wai ana rabon tallafi, danna nan. Ko a nuna maka alat na ƙarya a ɗauki kaya. A nan babu wata cuta da ta shiga na'ura balle a kama ta. Da bakinka ka miƙa makulli.

Saboda haka muna roƙon abu biyar. A bar antibairos a kunne, a riƙa sabunta shi tare da Windows. Kada a faɗa wa kowa PIN ko lambar OTP, domin banki ba ya tambayarsu ta waya. A saka tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp da imel. A ajiye kwafin lissafin kasuwa a wani wuri dabam. Kada a saki kaya sai an ga kuɗi a cikin asusu da ido.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira bankinsa nan take a toshe asusun, sannan ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko EFCC. Tun 2015 akwai dokar laifukan intanet a ƙasar nan. Matasanmu kuma, don Allah ku zauna da iyayenku ku nuna musu.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya mai da mu gida lafiya.