Lacca a kan tilasta wa masu gidaje haɗawa da magudanar gari: darasin ƙasar Faransa



Batun wannan lacca ba a cika ambatonsa a zauren manya ba: ina ƙazantar gida take tafiya, kuma wa zai biya kuɗin tafiyarta? A ƙasar Faransa, doka ta wajabta wa mai gida ya haɗa gidansa da magudanar ƙazanta ta gari, muddin an shimfiɗa bututun a titin da yake zaune. Ba a neman yardarsa, kuma kaso mai nauyi na kuɗin aikin daga aljihunsa yake fitowa. Wannan tilasci ya haura shekara 130 a birnin Paris. Bin tarihinsa zai nuna inda hukuma take da gaskiya, da kuma inda mai gida yake da hakkin kuka.

A farkon ƙarni na 19, gidajen Paris suna da ramin salanga a ƙarƙashinsu. Idan ramin ya cika, masu kwasa su zo da dare da amalanke da ganguna, su kai kayan juji a Montfaucon, daga baya kuma a Bondy, inda ake shanya shi a sayar wa manoma a matsayin taki. A shekarar 1832 annobar kwalara ta faɗa wa birnin, ta kashe mutum wajen 18.000, har da shugaban gwamnati na lokacin, Casimir Perier. Bayan an naɗa Haussmann perfe a 1853, injiniya Eugène Belgrand ya shiga gina magudanai a ƙarƙashin ƙasa, kuma lokacin da ya rasu a 1878 tsawonsu ya kai kimanin kilomita 600. Sai dai waɗannan magudanai na ruwan sama ne da na wanke-wanke. Ba a yarda a zuba bayan gida a cikinsu ba.

A nan ne lissafin masu gidaje ya shigo. Mafi yawan mazauna Paris ƴan haya ne, kuma mai gida ke biyan kuɗin kwasar salanga gwargwadon yawan abin da aka kwashe. Idan ya sa pampo a benayen gidansa, ruwa zai yawaita, ramin ya cika da wuri, kuɗin kwasa ya ƙaru. Saboda haka da yawa daga cikinsu suka ƙi jawo ruwan, suka bar ƴan haya suna saye wajen ƴan ga-ruwa ko suna ɗiba a pampon bakin titi. Ashe ruwan sha da magudana Ɗanjuma ne da Ɗanjummai: ba a gyara ɗaya a bar ɗaya.

A lokacin zafi na 1880 wani mugun ɗoyi ya lulluɓe birnin, har gwamnati ta kafa kwamitin masana. Kwamitin, wanda Louis Pasteur yake cikinsa, bai goyi bayan zuba bayan gida a magudana ba, domin tsoron yaɗa ƙwayoyin cuta. Kamfanonin kwasa su ma suka tsaya kai da fata, tun da abincinsu ake shirin taɓawa. Aka yi ta ja-in-ja har kwalara ta sake ɓulla a 1892. Daga nan majalisar dokoki ta zartar da dokar ranar 10 ga watan Yuli 1894, zamanin perfe Eugène Poubelle. Dokar ta ba birnin izinin cin bashin tamma sama da miliyan 100 domin aikin, ta ba masu gidaje wa'adin shekara 3 su haɗa, ta kuma aza musu haraji na shekara-shekara wanda ake aunawa da abin da gidan yake kawowa.

Masu gidaje ba su miƙa wuya da sauƙi ba. Ƙungiyarsu ta ce hukuma ta keta hurumin mallaka, suka garzaya gaban shari'a, suka yi ta jan ƙafa. Har yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914 da sauran dubban gidaje a kan ramin salanga. Amma a wannan taƙaddama hukuma ce mai gaskiya. Ƙazanta ba ta san katanga ba: ramin da ya tsage a gidan wani, rijiyar maƙwabci yake gurɓatawa. Kuma mai gidan da ya ƙi kashe kuɗi ba shi ke kwana da cutar ba, ɗan hayarsa ne da ƴaƴansa.

A yau tilascin ya game ƙasar baki ɗaya, yana cikin kundin dokokin kiwon lafiyar jama'a. Daga ranar da magudana ta fara aiki a titi, mai gida yana da shekara 2 ya haɗa. Abin da ya sake shi ne wanda nauyin ya hau kansa. Manyan birane sun daɗe da gamawa. Bututun yanzu ƙauyuka da unguwannin bayan gari yake bi, hususan tun da Tarayyar Turai ta wajabta a 1991 cewa garuruwa masu ƙazantar da ta kai ta mutum 2000 su mallaki magudana, kuma a 2024 ta sauko da adadin zuwa 1000. Wanda takardar ma'aikatar magajin gari take iske wa a irin waɗannan wurare sau da yawa ba attajiri mai benayen haya ba ne. Tsohon ma'aikaci ne ko gwauruwa, masu gida ɗaya tak da ɗan kuɗin fansho.

Kuɗin da ke jiransa hawa-hawa ne. Na farko, duk aikin da ke cikin filinsa nasa ne shi kaɗai: haƙa, bututu, da gyaran abin da aka fasa. Idan gidan yana ƙasa da titi, sai ya ƙara da injin tura ruwa da kuɗin wutar da zai sha. Na biyu, dole ya kwashe tsohon raminsa ya kashe shi, ko da yana aiki. Na uku, hukumar gari tana da ikon neman ya maida mata kuɗin reshen da ta shimfiɗa daga babban bututu zuwa bakin filinsa, da ƙarin kashi 10 cikin 100 na ɗawainiya. Na huɗu, tun ranar 1 ga watan Yuli 2012 akwai gudummawar shiga, wadda ake biya sau ɗaya. Bayan duk wannan, harajin magudana zai riƙa zuwa a takardar ruwa. Jimillar takan kai dubban yuro, kuma kowane yuro 1000 ya yi daidai da jikka 656 na sefa.

Wanda ya ƙi haɗawa bai tsira ba. Zai biya kwatankwacin harajin magudanar da bai mora ba, kuma majalisar gari tana iya ƙara masa tara. A da iyakar ƙarin kashi 100 cikin 100 ne, amma dokar ranar 22 ga watan Agusta 2021 ta ɗaga shi zuwa kashi 400. Idan ya ci gaba da taurin kai, hukuma tana iya yi masa gargaɗi, ta yi aikin da kanta, ta aiko masa da lissafin.

Adalci ne a faɗi cewa dokar ta bar wa mai gida ƙofofi. Magajin gari yana iya tsawaita wa'adin har shekara 10 ga wanda bai daɗe da gina rami mai inganci ba, domin kada kuɗinsa su tafi a banza. Ana iya ɗauke wa gidan da haɗa shi yake da matuƙar wuya. Ba a karɓar tarar idan mai gida ya gyara cikin wata 12 bayan an sanar da shi. Gudummawar shiga kuwa ba ta wuce kashi 80 cikin 100 na kuɗin gina rami mai inganci: idan ramin zai ci yuro 10.000, ba a karɓi fiye da 8000 ba. Tun dokar ruwa ta 1992, kowace hukumar gari ke shata unguwannin da magudana za ta bi da waɗanda za su zauna da raminsu, kuma sai an saurari jama'a kafin a tabbatar da taswirar. Har yanzu gidaje wajen miliyan 5 suna kan tsarin rami, ƙarƙashin binciken hukuma. Wanda kuma yake ganin an zalunce shi, kotu tana buɗe.

Duk da haka akwai giɓi. Iyakar kashi 80 da kuɗin rami aka auna ta, ba da ƙarfin mai gida ba. Harajin 1894 ya fi duba wannan fanni, tun da babban gidan haya ya fi ƙarami biya. A yau tsohuwa mai ɗan fansho da babban ɗan kasuwa, idan gidajensu iri ɗaya ne a titi ɗaya, takarda ɗaya za ta iske su. Ga ɗaya kuɗin ɗan guntun riba ne, ga ɗaya kuwa bashi ne na shekaru. Kuma tun da zaɓaɓɓun kansiloli ke tsai da adadin, yakan bambanta daga gari zuwa gari. Ke nan maganar ta siyasa ce: wanda bai halarci zaman sauraron jama'a ba, bai kuma tambayi ɗan takara matsayinsa ba, an yanke masa hukunci ba ya nan.

Abin da tarihin Faransa ya koyar shi ne, tilascin yana da hujja, domin rigakafi ya fi magani, kuma lafiyar unguwa ba ta jiran yardar kowane mai gida. Amma abin da amfaninsa na kowa ne, bai kamata nauyinsa ya danne marar ƙarfi ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk garin da ke shirin shimfiɗa bututu, wajibi ne jama'arsa su nemi amsar tambayoyi uku tun ba a sara diga ba: nawa za a biya, cikin shekara nawa, kuma me aka tanadar wa wanda ba shi da hali? Ba a fafe gora ranar tafiya.